Me Ya Sa Hamadarka Ta Fito Kamar Kunu?

Ɗana, ka tambaya me ya sa kwafin da ka yi na zanen David Roberts na gidan ibadar Santa Katarina da ke hamadar Sina'i ya fito rawaya ɗaya tun daga sama har ƙasa, ginin kuma kamar an manna shi. Laifin yana wurin takarda da inuwa.

Roberts, mutumin Sukotlan, ya isa Sina'i a 1839, kuma yawancin zanensa na hanya a kan takarda mai ɗan launi ya yi su, da fensir da fentin ruwa. Kai ka ɗauki farar takarda fat, sai ka yi ta lafta rawaya don ka rufe ta. Nemi mai kauri, giram 300, mai ruwan ƙasa kaɗan. Ita ce za ta zama yashinka, ka bar kusan rabinta ba fenti.

Haɗin farko: kashi uku na rawayar ƙasa, kashi ɗaya na jar ƙasa, ruwa da yawa har ya yi kamar shayi marar madara. Shafa sau ɗaya da babban buroshi, daga sama zuwa ƙasa, allon a ɗan jingine. Kada ka koma kan wurin da ya fara shan iska, nan ne tabo ke fitowa. Da hunturu fenti na bushewa kafin ka kai ƙarshen layi, don haka ka fara jiƙa takardar da ruwa zalla.

Inuwa ce aikin. Ka sa baƙi, shi ya kashe zanen. Inuwar hamada hasken sama take ɗauka, saboda haka shuɗi ne da ɗigon jar ƙasa, ya karkata zuwa shunayya. Duwatsun da ke bayan ginin ja-ja ne, amma duk wanda ya fi nisa sai ka ƙara masa ruwa da shuɗi, ka rage masa layi, kamar yadda hazo ke cinye tsauni in ka hango shi daga nesa. Hawa uku sun isa, kowanne ya bushe sarai kafin na gaba. A gindin katangar ka ja inuwa siririya mai duhu, ita ce ke zaunar da gini a ƙasa.

Farin fenti mai kauri shi ne na ƙarshe, kuma da rowa: gefen katangar da rana ta bugo, rawanin matafiyi, kan hasumiyar masallaci. Akwai masallaci a cikin wannan katanga tun zamanin daular Faɗimiyawa ta Masar, kusa da cocin da Sarkin Rumawa Justinian ya gina a ƙarni na 6. Na ga ka ƙara hasumiyar ƙararrawa daga hoton waya. Goge ta. A 1871 aka gina ta, Roberts bai gan ta ba.

Raƙumanka ma sun yi girma. Shi yakan ƙanƙanta mutane a gindin gini don katanga ta yi kwarjini, har yakan wuce gaskiya, to kada ka ɗauki zanensa ma'aunin gini. Ka tuna kuma abin da kake kwafa bugun dutse ne, wato zanen Roberts da Louis Haghe ya sake yi a kan dutse aka buga a takarda, wanda aka fitar a Landan tsakanin 1842 da 1849, shi ya sa layukan suka fi na fentin ruwa kaifi. Sassauta fensirinka, ka kawo mini in gani kafin ka taɓa fari.