Ajiye Injin Zuƙe Ganye Lokacin Hunturu

Tambaya: Malam, ina aikin share gidaje a Amurka da injin fetur mai zuƙe busasshen ganye zuwa bayan mota. Bara na ajiye shi wata huɗu, ya ƙi tashi. Yaya zan yi bana?

Amsa: Ɗan'uwa, ina kyautata zaton tsohon mai ne ya cuce ka. Yawancin fetur ɗin Amurka yana ɗauke da sinadarin etanol kashi 10 cikin ɗari, wanda ke jawo danshi, kuma idan ya daɗe yakan yi danƙo ya toshe kafireto. Ka tsiyaye tanki, ka bar injin yana aiki har ya mutu da kansa, sannan ka canza baƙin mai tun yana da ɗumi. Don Allah, ka cire wayar fulogi kafin ka sa hannu kusa da farfela. Ka kankare jiƙaƙƙen ganyen da ya manne a ciki, domin shi ke kawo tsatsa, ka ajiye mesa a inuwa.