Amsa kan wuƙar Damaskas da bulat na maƙeran Rasha

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko wuƙa mai zane a ƙarfenta, wadda maƙeran Rasha ke ƙerawa da hannu, ta fi wuƙa mara zane kaifi, kuma mene ne bambancin Damaskas da bulat, wato nau'o'i biyu na ƙarfe mai zane. Na yi karatu a ƙasar, na kuma daɗe ina fiɗa da irin waɗannan wuƙaƙe lokacin layya, don haka zan gaya maka abin da hannuna ya taɓa.

Masu talla sukan haɗa sunayen biyu kamar abu ɗaya ne, alhali hanyar yin su ta sha bamban. Damaskas na wannan zamani falle-fallen ƙarfe iri biyu ko uku ne, ake jera su, a zuga musu wuta har su manne, a buge, a ninke, a sake bugewa. Idan maƙeri ya fara da falle 10 ya ninka sau 5, ya sami hawa 320. Bayan an gama ƙira sai a tsoma wuƙar cikin ruwan sinadari mai cin ƙarfe, wanda yake baƙanta wani ƙarfen ya bar wani da haske, nan ne zanen yake fitowa. Shi kuwa bulat ba a ninka shi. Narka ƙarfen ake yi a cikin tukunya ta musamman, a bar shi ya huce sannu a hankali, sai zanen ya tsiro daga cikin jikinsa, siriri kamar tafiyar ruwa a kan yashi. Asalin wannan fasaha daga Indiya da Farisa take, kuma wanda ya farfaɗo da ita a Rasha shi ne Pavel Anosov, injiniyan masana'antar makamai ta garin Zlatoust da ke tsaunukan Ural, wadda aka buɗe a 1815. Ya shafe shekaru yana gwaji kafin ya wallafa sakamakonsa a 1841, shi ya sa har gobe garin yake alfahari da wannan sana'a.

Game da kaifi kuwa, a ganina zane ba ya yanka nama. Abin da ke sa wuƙa ta riƙe kaifi shi ne yadda aka gasa ƙarfen, aka tsoma shi cikin mai, aka sake ɗumama shi don kada ya yi tsauri har ya karye. Ina da wata wuƙa mara zane ƙirar garin Kizlyar na yankin Dagestan a Rasha, wadda takan fiɗe rago biyu ban kai ta dutse ba, ina kuma da wata mai zane kyakkyawa da na saya a hannun wani dillali, wadda ta dakushe tun kafin in gama raba fata da ƙirji. Da na goge ta sai zanen ya tafi gaba ɗaya, ashe a sama aka ɗora shi. Tun daga ranar nake duba bayan wuƙa da gindinta kusa da mariƙi, domin a Damaskas na gaskiya ana ganin hawa-hawan ƙarfen a can ma, kuma nake tambayar maƙeri sunan ƙarafan da ya haɗa da ma'aunin taurinsu. Tsakanin 58 zuwa 61 a ma'aunin Rockwell ya wadatar da mai fiɗa.

Kada ka manta da tsatsa. Yawancin waɗannan ƙarafa ba sa jure danshi, kuma na taɓa barin tawa cikin kube na fata a tsakiyar damina, na same ta da ɗigo-ɗigon ja. Yanzu da na gama aiki nake wanke ta, in share, in shafa mata mai, in ajiye ta daban da kuben.

Idan don aiki kake nema, ka duba wuƙar mutanen Yakut ta Saberiya, mai gefe ɗaya shimfiɗaɗɗe da rami a jikinsa, ɗaya gefen kuma mai tudu. Sai dai ka faɗa wa maƙerin tun farko ko kai bahago ne, domin ta hannun dama daban take da ta hagu.