Kafin ka taɓa faifan mutum, ɗauki hotonsa

Jiya da za mu tashi ka tambaye ni, ka ce, "Maigida, me ya sa kake ɓata awa guda kana ɗaukar hoton faifai kafin mu fara gyara, alhali muna iya kwashe fayilolin mutum zuwa filashi, mu yi fomatin, mu huta?" Na ce ka bari sai na zauna, domin ba amsar tsaye ba ce. To ga ta, yarona, ka karanta a tsanake. Faifan da nake nufi shi ne wanda kwamfuta ke ajiye komai a kansa, hotonsa kuma ba na kyamara ba ne, cikakken kwafinsa ne da ake adanawa.

Abin da kake kwashewa cikin filashi shi ne abin da idonka ya gani: takardu, hotuna, bidiyo. Amma abin da mai kwamfuta ke aiki da shi ya wuce nan. Akwai manhajar da wani ya saka masa shekara biyar da suka wuce, yanzu ba wanda ya san inda mutumin yake, balle lambar lasisinta. Akwai kalmomin sirrin da burauza ta riƙe masa har shi kansa ya manta su. Akwai wasiƙun imel da ke kwance a foldar AppData, wadda Windows ke ɓoyewa. Akwai direban tsohuwar firintarsa da kamfanin ya daina bayarwa. Ka tambaye shi ko akwai abu mai muhimmanci, zai ce maka hotuna ne kawai. Bayan kwana uku zai dawo yana neman abin da bai faɗa maka ba, kuma ba ƙarya ya yi ba, bai san yana da shi ba ne sai da ya rasa.

Hoton faifai yana ɗauke komai: teburin da ke nuna yadda aka raba faifan, ɗan ƙaramin ɓangaren EFI da kwamfuta ke tashi daga gare shi, Windows ɗin kanta, manhajoji, saituna, har da shara. Idan ka mayar da shi, kwamfutar za ta tashi yadda take a ranar da aka ɗauka. Wannan awa guda da kake gani, hanyar komawa baya nake saya mana da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka bambance abu biyu da yara ke haɗawa. Kwafar faifai kai tsaye zuwa wani faifan, wato abin da muke ce wa kulonin, tana cinye faifai na biyu gaba ɗaya, ya zama tagwayen na farko. Wannan na lokacin da za a canja tsohon faifai da SSD ne, wato sabon nau'in faifai mai sauri. Shi kuwa hoto, fayiloli ne da ke zaune cikin folda guda, kana iya tara na kwamfutoci goma a faifan ajiya ɗaya. Don ajiya, hoto ake ɗauka.

Manhajar da ka ga ina tayarwa daga filashi, mai shuɗi da rubutu zalla, sunanta Clonezilla. Daga cibiyar manyan kwamfutoci ta ƙasar Taiwan ta fito, ƙarƙashin jagorancin Steven Shiau, kuma kyauta ce ta gaske, ba irin wadda za ta ce ka biya ranar da kake cikin matsi ba. Kada muninta ya ruɗe ka. A cikinta akwai wani ɗan aiki mai suna Partclone da ke karanta guraben da aka rubuta wani abu kawai, ya tsallake fanko. Shi ya sa faifai mai terabait 1 da aka cika gigabait 120 ba ya ba ka hoto mai terabait 1, sai wajen 120 ko ƙasa da haka bayan matsewa. Bidiyo da hotuna dai ba sa matsuwa sosai, dama a matse suke. Idan rubutun Clonezilla yana ba ka tsoro, fara da Rescuezilla, wadda ta fito a 2019 daga tsohuwar Redo Backup. Da linzami ake tafiyar da ita, kuma tana karanta hotunan Clonezilla, ita ma Clonezilla tana karanta nata. Mu da Norton Ghost muka koyi aikin nan, an daina sayar da ita tun 2013. Macrium Reflect ma ta daɗe tana da ta kyauta mai kyau, amma kamfanin ya daina kula da ita a farkon 2024. Shi ya sa na fi son abin da ba kamfani ɗaya ne ke riƙe da wuyansa ba. Hoton da ka ɗauka yau, kana so ka iya buɗe shi nan da shekara biyar.

Dalilin tayarwa daga filashi kuwa shi ne, Clonezilla ba ta ɗaukar faifan da ake cikin rubutu a kansa. Dole Windows ta kasance a kwance. Akwai masu ɗauka daga cikin Windows tana gudana, irin su Veeam Agent na kyauta, su suna dogara da wata dabarar Windows da ke daskarar da kamannin faifan na ɗan lokaci. Waɗannan sun dace da mutumin da ke son ajiya kullum ba tare da ya kashe kwamfuta ba. A kan teburin gyara, inda rabin abin da ake kawo mana ma ba ya tashi, filashi ne abokin aiki.

Kafin ka fara, abu uku. Duba lafiyar faifan tukuna, da CrystalDiskInfo ko wani abin da ke karanta bayanan SMART, wato rahoton da faifai ke bayarwa kan lafiyarsa. Idan ya nuna gurabe sun fara lalacewa, ko kana jin faifan yana ƙwas-ƙwas, ajiye Clonezilla. Faifai mai ciwo yana iya kasancewa karatu ɗaya ya rage masa a duniya, kada ka ɓarnatar da shi. Nan GNU ddrescue ake kira, domin yana kwashe wurare masu lafiya da sauri, sannan ya dawo ya lallaɓa masu ciwon, yana rubuta inda ya tsaya a wani fayil, ko wuta ta ɗauke ya ci gaba daga nan. Kuma kada ka kuskura ka gudanar da chkdsk, manhajar Windows mai duba faifai da gyara shi, a kan irin wannan faifai kafin ka kwafe shi.

Na biyu, tun daga Windows 8 akwai abin da suke kira Fast Startup. Mutum ya danna kashewa, amma kwamfutar ba ta mutu sarai ba, barci ta yi da wasu abubuwa a buɗe. Clonezilla tana iya ƙin ɗaukar irin wannan ɓangaren. Riƙe Shift lokacin da kake danna kashewa, ko ka cire saitin gaba ɗaya. Na uku, BitLocker, makullin faifai na Windows. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifansu a kulle, mai su bai ma sani ba. Clonezilla ba ta ganin cikin kullallen ɓangare, sai ta kwafe shi gurbi-gurbi, cike da fanko duka, hoton ya yi girman ɓangaren kuma ba ya matsuwa. Abin da ya fi wannan muni, idan ka mayar da shi kwamfutar ta nemi mabuɗin ceto mai lamba 48 kuma ba kowa da shi, hotonka ya zama akwati ba makulli. Sa mai ita ya nemo mabuɗin tun tana tashi, galibi yana cikin asusunsa na Microsoft.

Yanzu ga wurin da nake so ka buɗe kunne. Clonezilla ba ta san C ko D da Windows ke kiran faifai da su ba. Sunayen Linux take kira: sda, sdb, nvme0n1. Kuma wanda ya zama sda yau yana iya zama sdb gobe, gwargwadon wanda injin ya fara gani. Manhajar ba ta san wanne ne faifan kwastoma, wanne ne fanko ba. Abin da ka nuna mata shi za ta yi, da biyayya, cikin sauri.

Ni ma ta taɓa ci da ni. Ina ƙarami a sana'ar, aka kawo kwamfuta za a sa mata sabon faifai, girmansu ɗaya da tsohon, kamfaninsu ɗaya. Na duba girma, na ga daidai, na zaɓa. Sau biyu ta tambaye ni ko na tabbata, sau biyu na danna y ina hira da wani. Cikin daƙiƙu aikin ya ƙare, har na ji daɗin saurinsa. Ashe fankon na kwafa a kan mai kayan. Mun ceto wasu fayiloli da ƙyar, ba sunaye, ba foldoji, amma kallon da mutumin ya yi mini har yau bai bar ni ba. Tun daga ranar ba na duba girma kawai. Ina karanta sunan samfurin da lambar siriyal da manhajar ta nuna, in gwada da wadda ke manne a jikin faifan. Ina cire duk wani faifan da ba ruwansa da aikin. Kuma idan tambayar nan ta fito, ina ɗauke hannuna daga kan madannai, in karanta da baki. Ka ga ina yin haka ka ɗauka tsufa ne. Ba tsufa ba ne, tabo ne.

Sauran matakan ba wuya. Ka zaɓi device-image, ka nuna mata faifan ajiya, ka zaɓi savedisk don faifan duka. Kada ka ɗauki saveparts ka kwashi ɓangaren Windows kaɗai don gudun ɓata lokaci, ka bar na EFI a baya, ranar mayarwa ka samu jiki ba kai. Tsarin fomatin faifan ajiyar ya kasance NTFS ko ext4, domin FAT32 ba ta karɓar fayil da ya haura gigabait 4. Soka shi a USB 3, mai shuɗin baki galibi. Tsohuwar USB 2 ba ta cika wuce megabait 35 a daƙiƙa ba, gigabait 200 sai ya ci maka kusan awa biyu, a USB 3 kuwa wajen rabin awa. Ka ba hoton suna da za ka gane bayan wata shida: samfurin kwamfutar da kwanan wata. Kada ka taɓa komai a cikin foldar, ko ƙananan fayilolin da ka raina, a cikinsu tsarin faifan yake.

Idan ta tambaya ko ta duba hoton bayan ta gama, ce mata eh, kullum. Amma wannan dubawar tana gaya maka fayilolin ba su lalace ba ne kawai, ba ta ce kwamfuta za ta tashi ba. Hoton da ba ka taɓa mayarwa ba, zato kake yi kana da shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan aikin mai nauyi ne, ina mayar da hoton kan wani faifan daban, in sa shi a kwamfutar, in ga Windows ta buɗe da idona, sannan in taɓa na asali. Wanda ya mayar da hoto a kan faifan asali ba tare da gwaji ba, idan abin ya tsaya a tsakiya, ya rasa duka biyun.

A wajen mayarwar ne za ka haɗu da maganar girma. Clonezilla tana son inda za a zuba ya kai na asali ko ya fi shi. Faifai mai gigabait 500 ba zai shiga SSD mai 480 haka kawai ba, ko da 60 kacal aka cika, domin iyakokin ɓangarorin take mayarwa yadda suke. Dabarar ita ce ka ɗauki hoto na farko yadda faifan yake, ka ajiye, sannan ka rage ɓangaren Windows da Disk Management ko GParted har komai ya dawo ƙasa da girman sabon, ka ɗauki na biyu, ka mayar da shi ta yanayin ƙwararru da zaɓin -icds, wanda ke hana ta duba girman faifai. Idan sabon ya fi girma, -k1 yana faɗaɗa ɓangarorin, ko ka faɗaɗa da hannu daga baya.

Idan ka mayar ta ƙi tashi, kada ka yi saurin zargin hoton. Shiga BIOS, wato saitunan injin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi. Faifan da aka raba da tsarin GPT yana son yanayin tashi na UEFI, na tsarin MBR yana son na Legacy. Duba ko an sauya saitin yadda injin ke magana da faifai tsakanin AHCI da RAID, wannan kaɗai yana kawo shuɗin allo. Bayan kulonin kuma, cire tsohon faifan kafin tashin farko, domin su biyun shaidarsu ɗaya, Windows tana rikicewa. Idan kuwa wata kwamfuta daban ka kai hoton, sa ran rigimar direbobi, kuma lasisin Windows yakan bi madabod ne, ba faifai ba.

Kada kuma ka ɗauka hoto maganin komai ne. Daga ranar da aka ɗauke shi yake fara tsufa, kuma Clonezilla ba ta iya ƙara abin da ya canja kawai, sai ta sake duka. Idan da ƙwayar cuta a kwamfutar, ita ma ta shiga hoton, za ta dawo tare da shi. Don haka ga mai tambayarka shawara: hoto lokaci-lokaci saboda tsarin, kwafar fayiloli akai-akai saboda aikin yau da kullum, kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Faifan ajiyar kuma a cire shi bayan an gama, domin manhajar masu garkuwa da fayiloli tana kulle duk abin da ta samu a jone.

Abu ɗaya da ba na sasantawa a kai: hoton nan rayuwar mutum ce gaba ɗaya a hannunka. Amana ce. Ba a buɗewa don kallo, ba a kwafa wa kowa. Ka gaya masa ka ɗauka, ku yi magana kan kwana nawa za ka riƙe, lokaci ya yi ka goge. Idan zai daɗe a wurinka, Clonezilla tana da zaɓin kulle hoto da kalmar sirri, yi amfani da shi.

Gobe da safe ka ɗauko tsofaffin faifan nan biyu da ke cikin durowar ƙasa, da kwamfutar gwaji. Za ka ɗauki hotonta, ka goge faifan da hannunka, ka mayar, har sau uku. A na ukun zan sauya musu wayoyi ba tare da na gaya maka ba.