Tsofaffin Motocin Amurka Sun Fi Na Yanzu Kyau, Amma Sun Fi Su Tsare Rai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Shekarata bakwai a Amurka tare da iyalina. Akwai wani dattijo maƙwabcina da yake son sayar mini da Chevrolet Impala ƙirar 1964. Ya riƙe ta da kyau, kuma tun ranar da na ganta ta shiga raina. Ni a ganina Amurkawa sun daina ƙera mota mai kyau. Na yanzu duk kamarsu ɗaya, kuma gwangwani ne, ɗan bugu kaɗan sai su lotse. Niyyata in sayar da wadda nake hawa, wannan ta zama ta zirga-zirgar gida, har da kai yara uku makaranta. Maiɗakina ta ce ƙafar 'ya'yanta ba za ta taka motar ba, yau kwana huɗu muna kai ruwa rana. Shin da gaske ƙirar ce ta lalace, ko idona ne? Kuma ba tsohuwar ce ta fi tsare rai ba?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, tambaya biyu ka haɗa. A ta farko ina bayanka, amma ba duka ba. A ta biyu kuwa maiɗakinka ta fi ka gaskiya, kuma gara ka ji yanzu tun kuɗin suna aljihunka.

Idonka bai yaudare ka ba. An yi zamanin da mai zana jikin mota shi ne sarki a Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka. A 1927 kamfanin General Motors ya buɗe wa Harley Earl sashen zane na musamman, kuma daga nan aka ɗauki al'adar sauya wa mota kama a kai a kai, don wanda ya sayi ta bara ya ji tasa ta tsufa. Fukafukan nan na bayan mota sun fara ne a kan Cadillac ta 1948, an ɗauko su daga wutsiyar jirgin yaƙi P-38. Virgil Exner na Chrysler ya ƙara musu tsayi a 1957, sai Cadillac ta 1959 ta kai su inda ba mai iya wucewa. Bayan an gaji da fukafukai aka shiga shekarun da ni na fi so: Lincoln Continental ta 1961, Buick Riviera da Corvette Sting Ray na 1963, sai Mustang a 1964. Fetur na da araha, tituna na da faɗi, kuma kusan babu wata doka da ta ce wa mai zane ga iyakarka.

Sai dai ka tuna cewa masu kyan ne aka adana. Munanan an daɗe da narkar da su. Ford ta fito da Edsel a ƙarshen 1957, Amurkawa suka yi wa hancinta dariya, ba ta yi shekara uku a kasuwa ba. Kuma dattijon maƙwabcinka, in zai faɗi gaskiya, zai gaya maka cewa a lokacinsu ma an yi ƙorafin cewa motoci duk kamarsu ɗaya.

Abin da ya ɗaure hannun masu zane sananne ne. A 1966 aka kafa dokar tsaron lafiyar masu hawa mota. Daga 1973 aka ce dole bamba ta jure bugu a gudun mil 5 a awa ba tare da fitila ko wani abu mai muhimmanci ya lalace ba, sai aka riƙa manna wa motoci wasu bambobi kamar bencin zaure. A shekarar ce kuma ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, aka yi dogayen layuka a gidajen mai, aka biyo da dokar rage shan mai a 1975. Daga nan iska ta zama mai zane. Duk kamfanin da ya kai motarsa ɗakin gwajin iska, amsa ɗaya yake samu: a kwantar da gilashin gaba, a goge kusurwoyi, a ɗaga baya. Ford Taurus ta 1986 na cikin waɗanda suka yayata wannan salo a Amurka, kowa ya bi. Ginshiƙan rufi sun yi kauri don kada rufi ya rufta in mota ta ƙundumbala. Ƙofofi sun yi tsayi, tagogi sun ƙanƙance, saboda bugun gefe. To ina mai zane zai sa hannu? Saura fitila da hanci. Shi ya sa kake ganin hanci kamar ƙofar gareji, da launi fari, baƙi ko ruwan toka a duk filin ajiye motocin da ka shiga.

A nawa ra'ayin, muni na gaske a titin Amurka yau ba ƙananan motoci ba ne. Manyan a-kori-kura da jif-jif ne masu dogon goshi a tsaye kamar katanga. Dokar shan mai ta fi sassauta wa wannan rukuni, ribarsu kuma ta fi yawa, har Ford ta daina sayar da irin su Fusion da Taurus a can. Cibiyar gwajin haɗarin mota ta kamfanonin inshora, IIHS, ta bayyana a 2023 cewa motar da tsayin bonet ɗinta ya wuce inci 40 ta fi wadda nata bai wuce inci 30 ba kuma ya kwanta yiwuwar kashe mai tafiya a ƙafa in ta buge shi, da kimanin kashi 45 cikin ɗari. Wannan ƙira ce da ta haɗa muni da ɓarna.

Yanzu ga kalmar da ta sa na zauna rubuta maka doguwar amsa: gwangwani. Babu makon da ba na jin ta a wurin aikina. Mutum zai shigo da mota a bayan motar ja, gaba ya naɗe kamar tabarma, shi kuma yana tsaye da ƙafafunsa, babu ko ƙwarzane, yana faɗa yana cewa da tsohuwar motar mahaifinsa ce da ko fenti bai goge ba. Sai in buɗe ƙofar direba, ta buɗu lafiya, in nuna masa wurin ƙafa yana nan yadda yake, sitiyari bai matso ba. In ce masa, Alhaji, lotsewar nan da kake zagi ita ta bar ka a tsaye kana zaginta.

Lissafin ba shi da wuya. In kana gudu ka yi karo, ƙarfin gudun nan dole wani abu ya shanye shi. Ko dai ƙarfen gaba ya shanye ta hanyar naɗewa, ko ƙirjinka ya shanye. Wanda ya diro daga katanga ya lanƙwasa gwiwa zai tashi ya kaɗe riga. Wanda ya diro da ƙafa a miƙe sai ɗori. Motar yanzu an ƙera gabanta da bayanta su lanƙwashe kamar gwiwa, an kuma kewaye wurin zama da ƙarfe mai taurin da masu ƙera Impala ba su da irinsa. Injiniya Béla Barényi ne ya yi wannan tunani a kamfanin Mercedes tun farkon shekarun 1950. Tsohuwar motar Amurka akasin haka take. Fatarta ce mai kauri, shi ya sa in ka ƙwanƙwasa ta da hannu kake jin daɗi. Amma wurin zaman, inda rai yake, nan ne lagonta.

Ba shaci-faɗi nake ba, an gwada. A 2009 cibiyar IIHS ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba, ɓangaren direba da ɓangaren direba, a gudun kimanin kilomita 64 a awa. Tsohuwar ma ta ɗan fi nauyi. Malibu ta naɗe daga gaba, wurin zama ya tsaya. Bel Air kuwa gabanta ya shigo har cinyar direba, ginshiƙin gilashi ya karye, rufi ya lanƙwashe, gilashin ya fice, sitiyari ya doki mutum-mutumin gwajin. Masu gwajin suka ce direban sabuwar zai iya fita da ɗan rauni a ƙafa, na tsohuwar kuwa da wuya ya rayu. Bidiyon yana nan a intanet, ka kalla tare da maiɗakinka. Za ka ga masu gardama suna cewa an cire wa tsohuwar inji kafin gwajin. Ƙarya ce, injinta mai silinda shida yana ciki. Kuma abin da ya shafe ka kai tsaye: Impalar da kake so tana kan irin ƙashin ƙasan (ƙarfen da jikin mota yake zaune a kai) da Bel Air ɗin take kai, mai siffar X, wanda Chevrolet ta yi amfani da shi daga 1958 zuwa 1964. A tsakiya ya tsuke, babu dogon ƙarfe a gefe. In wata motar ta shigo ta ƙofa, to tsakaninta da yaron da ke zaune nan ƙofar ce kawai.

Ka zauna a kujerar direbanta ka duba da kanka. Sandar sitiyarin ƙarfe ne guda, miƙaƙƙe, yana kallon ƙirjinka kamar mashi; mai naɗewa sai a 1967 General Motors ta fara sa shi. Bel, in ma akwai, na ƙugu ne kawai, a baya kuma mai yiwuwa babu ko ɗaya. Babu matashin kai, saboda haka bugun baya a wuya zai ƙare. Birki na ganga ne a ƙafa huɗu, kuma layin man birkin ɗaya ne tak: bututu ɗaya ya fashe, birkin duka ya tafi. Babu jakar iska, babu wurin ɗaure kujerar yara. A tsakiyar shekarun 1960 ana rasa fiye da mutum 5 a kowace tafiyar mil miliyan 100 a titunan Amurka. Yau adadin bai kai ɗaya da rabi ba. Gyaran tituna da asibitoci da dokar tuƙi cikin maye duk sun taimaka, amma kaso mai tsoka na gwangwanin nan ne.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda wannan gurguwar fahimta take kashe mutane a nan gida, inda motocin da aka yi haɗari da su a can suke ƙarewa. Dillali zai sayo wadda inshora ta yanke wa hukuncin ba ta gyaruwa, a kawo ta, a kai wa mai walda. Shi kuma sai ya hura wa ƙarfen gaba wuta ya miƙe shi da guduma, ya ƙara masa faci da guntun ƙarfen gini, yana alfahari wai yanzu ta fi da ƙwari. Ƙarfen da aka ƙera don ya naɗe sau ɗaya, ya riga ya naɗe, aikinsa ya ƙare, sai dai a canza shi. Wuta kuma tana kashe taurin ƙarfen zamani. Jakar iskar da ta fashe ba a sayen sabuwa, sai a cusa tsumma a rufe murfin da gam, a yi wa fitilar gargaɗi dabara ta mutu. Na taɓa buɗe sitiyarin wata mota da aka kawo mini dubawa kafin a saya, na tarar da tsohuwar singileti a wurin jakar. Mai sayarwar yana tsaye, ko kunya bai ji ba, ya ce ai tsari na Allah ne. Haka ne, amma wanda ya ce a dogara shi ya ce a ɗaure raƙumi.

Sai kuma masu zuwa a walda musu ƙaton bututun ƙarfe a gaban mota, wai don ƙarin tsaro. Wannan ƙarfen yana hana gaba naɗewa yadda aka tsara, yana iya rikita na'urar da ke gaya wa jakar iska lokacin fashewa, sannan ɗan acaɓa ko yaron da aka buge da shi sai dai a yi ta'aziyya. Ga masu zagayo da bel ta bayan kujera su maƙala don ƙarar ta yi shiru, sai sun hango jami'an kiyaye haɗura su yafa shi a kafaɗa. Jakar iska tana fitowa ne da gudun da ido ba ya gani, an kuma lissafa ta ne da mutumin da bel ya riƙe. Wanda bai ɗaura ba, da fuskarsa zai tarye ta. Duk waɗannan mutanen abu ɗaya suka yi imani da shi, wanda kai ma ka rubuto mini: wai motar da ba ta lotsewa ita ce mai tsare rai.

Ban ce kada ka sayi Impalar ba. Ni ma da ina da hali da na ajiye irinta. In aljihunka zai ɗauki mota biyu, saye ta, amma kafin ka biya ka sa a ɗaga ta a duba ƙashin ƙasan, domin gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara yana cin sa ta ciki, fenti kuma ba ya nunawa. A canza mata birki zuwa mai layi biyu, a sa birki mai faifai a gaba, a ɗaura bel mai bi ta kafaɗa, a duba shekarun tayoyin ko da zanensu bai goge ba. Ka fito da ita ranar hutu da rana tsaka, a titin unguwa, ka sha iska. In kuwa kuɗin mota ɗaya ne gare ka, ka bar wa dattijo abarsa. Yaran nan uku a motar da kake hawa yanzu za su ci gaba da zuwa makaranta, kowa a kujerar baya da bel ɗinsa, ƙaramin kuma a kujerar yara. Ka je ka ba maiɗakinka haƙuri, kwana huɗu sun isa.