Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Yadda Waya Za Ta Taimaka Wajen Tara Kalmomin Ingilishi don IELTS da TOEFL

Yawancin saƙonnin da suka iso mini a wannan makon daga masu shirin jarrabawar Ingilishi ta IELTS ko TOEFL suka fito, wato waɗanda ke neman gurbin ƙaro ilimi a ƙasashen waje. Na zaɓi guda huɗu waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina zaune a unguwar Ali Dan Sofo, kuma ina shirin rubuta IELTS. Na sauke fayilolin PDF masu yawa daga wani zauren WhatsApp har wayata ta cika, amma kalmar da na haddace yau, bayan kwana uku sai in neme ta in rasa. Wace manhaja ce za ta magance mini wannan?

Amsa: Ƙanena, ba ƙwaƙwalwarka ce ke da rauni ba, haka mantuwa take ga kowa. Tun a shekarar 1885 wani masanin Jamus mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da mutum ya haddace yana zubewa da sauri a sa'o'i da kwanakin farko, sannan zubewar ta lafa, kuma duk bitar da aka yi tana tsawaita lokacin da abin zai zauna. Fayil ɗin PDF ba ya sanin wace kalma ce ke gab da kuɓuce maka, shi ya sa kake karanta shafin farko sau goma, shafi na arba'in kuwa ba ka taɓa isa gare shi ba.

Manhajar da nake ba da shawara a kanta ita ce Anki. Kyauta ce a kwamfuta, kyauta ce kuma a wayar Android, inda sunanta AnkiDroid. Ta iPhone ce kaɗai ake saye. Aikinta shi ne ta nuna maka fuskar kati ɗauke da tambaya, ka yi ƙoƙarin tuno amsar da kanka, sannan ka juya katin ka gaya mata gaskiya: ka manta, ko ka tuna da ƙyar, ko ka tuna cikin sauƙi. Wanda ka manta za ta dawo maka da shi bayan 'yan mintoci, wanda ka sani kuwa za ta jinkirta shi zuwa kwanaki, daga nan makonni, har watanni. Wanda ya yi karatun allo ya san wannan tsarin tun kafin a ƙera waya, domin ba a barin tilawar baya don an ɗauki sabon karatu. Bambancin kawai shi ne manhajar tana riƙe lissafin kowace kalma ita kaɗai.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne wajen haɗa katin. Za ka tarar da tarin katunan da wasu suka shirya suka ɗora a intanet, kuma zuciya za ta raya maka ka sauke dubu biyar a dare ɗaya. Ban hana ba, amma katin da ka rubuta da hannunka daga jimlar da ka ci karo da ita a karatu ya fi zama. A ce kana karanta wani rubutu kan noma ka gamu da kalmar decline. Kada ka rubuta kalmar a gaba, fassararta a baya, ka tsaya nan. Ka kwafe jimlar gaba ɗaya a fuskar katin, ka bar gurbi a inda kalmar take, a bayan katin kuma ka sa kalmar, da ma'anarta, da abokan tafiyarta, kamar a sharp decline da a decline in rainfall. Dalili shi ne, a sashen rubutu na IELTS ana auna ka da ma'auni huɗu, ɗaya daga cikinsu yawan kalmominka ne da dacewar yadda ka yi amfani da su, don haka kalmar da ka san fassararta amma ba ka san inda ake ajiye ta a jimla ba, ba za ta kawo maka maki ba.

Anki tana zuwa da saitin sababbin katuna 20 a rana. Ka rage su zuwa 10 a farko, domin kowane sabon kati bashi ne da zai dawo gobe da jibi, kuma na sha ganin wanda ya fara da zafi, ya yi fashin mako guda, ya buɗe manhajar ya tarar da ɗaruruwan katuna na jiransa, daga ranar bai sake komawa ba.

Tambaya: Ni malama ce a wata makarantar sakandare a Tasawa, duk karatuna da Faransanci na yi. Daga waɗanne kalmomi ya kamata in fara, kuma shin Google Translate ya isa ya zama ƙamusuna?

Amsa: Malama, kina riƙe da jarin da ba ki san darajarsa ba. Akwai wani jeri da ake kira Academic Word List, wanda Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand ta fitar a shekarar 2000. Ta tattaro rubuce-rubucen jami'a na kimanin kalmomi miliyan uku da rabi, ta tace waɗanda ke yawan maimaituwa a fannoni daban-daban, ta fitar da iyalan kalmomi 570, wato kowace kalma tare da waɗanda suka tsiro daga gare ta, ta kasa su gida goma bisa yawan fitowarsu. Gidan farko yana da iyalai 60, kuma idan kika buɗe shi za ki ga analyse, concept, method, principle, structure, theory. Babu ɗaya a cikinsu da zai zame miki baƙo, saboda yawancin kalmomin ilimi na Ingilishi daga Latin suka samo asali, da dama kuma ta hanyar Faransanci suka shiga harshen. Jerin yana nan kyauta a intanet. Idan kina ɗaukar iyalai goma a rana, kwana 57 ya ishe ki ki ratsa shi, kuma waɗanda kika riga kika sani za su gajarta miki tafiyar.

Sai dai kamar da kike gani tana da tarko iri biyu. Na farko shi ne kalmomin da suka yi kama da na Faransanci a rubuce amma ma'anarsu ta rabu. Actually ba ta nufin actuellement, ma'anarta "a zahiri". Eventually na nufin "daga ƙarshe", ba "mai yiwuwa" ba. Library ɗakin karatu ne, ba kantin sayar da littattafai ba. Attend kuma halarta ce, ba jira ba. Ki ware wa irin waɗannan rukuninsu na katuna daban. Tarko na biyu lafazi ne: idonki ya san development, amma kunnenki ya saba da lafazin Faransanci, sai a furta kalmar a sashen saurare ta wuce ki ba ki gane ta ba, domin Ingilishi yana danna gaɓa ta biyu a cikinta ya sassauta sauran.

Nan ne amsar tambayarki ta biyu take. Google Translate yana da amfani idan kina son fahimtar saƙo cikin gaggawa, amma bai kai ƙamusun da aka yi domin mai koyo ba. Ki riƙa buɗe shafin Cambridge Dictionary ko Oxford Learner's Dictionaries, dukansu kyauta ne, suna ba da misalai cikin jimla, kuma kusa da kowace kalma akwai alamar lasifika da za ki taɓa ki ji lafazin Ingila da na Amurka. Kada ki sa kalma a kati sai kin saurare ta kin maimaita da bakinki.

Tambaya: Ina aiki a wani ofis a nan Maradi, TOEFL zan rubuta a kwamfuta. Idan ina rubuta Ingilishi a waya ba na kuskure, amma da na gwada a takarda sai na ga ban iya rubuta kalmomi da yawa daidai ba. Mene ne dalili?

Amsa: Ɗan'uwa, wayarka ce take rufa maka asiri. Kana buga haruffa uku ko huɗu ta miƙo maka cikakkiyar kalma, ka yi kuskure ta gyara ba tare da ka lura ba, har hannunka ya saba da rubutun Faransanci a inda Ingilishi ya bambanta, kamar adresse da address, ko exemple da example. A ɗakin jarrabawa babu mai gyara maka. Ka shiga saitin allon rubutun wayarka, idan Gboard ne ka nemi sashen gyaran rubutu, ka kashe gyaran kai-tsaye da layin da ke ba da shawarar kalmomi. Haka nan a Word, ka kashe jan layin da ke fitowa ƙarƙashin kuskure yayin da kake atisaye, sai ka gama rubutun sannan ka kunna shi ka ga ɓarnar da ka yi. Kowace kalmar da jan layi ya kama ta cancanci kati.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba amma ya fi wannan gaggawa. Yawancin kwamfutocin ofisoshinmu allon rubutunsu na Faransa ne, wanda ake kira AZERTY, alhali TOEFL da allon Ingilishi, wato QWERTY, ake rubuta shi. A tsakaninsu A da Q sun yi musayar wuri, Z da W ma haka, M ta koma layin ƙasa, alamomin aya da waƙafi sun canja mazauni, lambobi kuma ba sa buƙatar danna maɓallin manyan haruffa. Wanda yatsunsa suka shekara goma a kan AZERTY zai ɓata mintoci masu tsada yana neman harafi. Ka ƙara harshen Ingilishi a saitin Windows, sannan ka riƙa sauya allon ta hanyar danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da dogon maɓallin tazara. Haruffan da aka zana a kan maɓallan ba za su canja ba, don haka idan da hali ka sayi allon QWERTY na daban mai igiyar USB ka jona, ka yi duk atisayenka a kansa.

Tambaya: A garinmu da ke kusa da Madarunfa intanet ba ya da ƙarfi, wutar lantarki ma ba kullum ake samu ba. Shin wannan shiri zai yiwu gare ni?

Amsa: Zai yiwu, domin AnkiDroid ba ta buƙatar intanet wajen bita, kuma katunan rubutu zalla ba sa cin wuri ko batir sosai. Ranar da ka shigo gari ka samu layi mai kyau, ka sauke jerin kalmomin, ka sauke shirye-shiryen 6 Minute English na BBC tare da rubutaccen abin da aka faɗa a cikinsu, ka duba lafazin kalmomin da ka tara a makon. Ka buɗe asusun AnkiWeb, shi ma kyauta ne, ka riƙa tura katunanka can duk lokacin da ka samu layi, saboda idan wayar ta faɗa ruwa ko ta ɓace a kasuwa, sai ka shigar da asusun a wata wayar katunanka su dawo tare da lissafin bitarsu.