Tattara rubutun mujallar faifai ta WhatsApp ko Telegram

Malam, ka tambaya ko ƙungiyarku ta masu tsofaffin kwamfutoci a Kano za ta iya karɓar rubuce-rubucen mujallarta da ake fitarwa a faifan floppy (tsohon faifan ajiye bayanan kwamfuta) ta manhajar saƙo. Za ta iya, kuma Telegram ya fi dacewa, domin fayil yana zama a rukuni, wanda ya shigo daga baya ma zai same shi in an bar tarihin rukunin a buɗe ga sababbin shiga. A WhatsApp a turo komai a matsayin fayil, don in aka turo hoto kai tsaye manhajar tana matse shi, ingancinsa ya ragu.

Inda aka fi samun matsala shi ne haruffanmu. Waya tana rubutu da tsarin haruffa na UTF-8, DOS kuwa, wato tsarin aiki na tsofaffin kwamfutoci, bai san ƙ, ɗ da ɓ ba, sai su fito a hargitse. Ku daidaita tun farko: a rubuta k', d', b' a madadinsu, kuma babu emoji. Edita ya adana rubutun a .TXT, kada layi ya wuce harafi 80, sunan fayil kuma kada ya wuce harafi 8 ban da .TXT ɗin, kamar LABARI01.TXT.

Faifan inci 3.5 yana ɗaukar 1.44MB kawai, don haka a rage hoto zuwa 320x200, launi 256. Na'urar floppy mai USB tana rubuta faifan DOS, amma ba ta iya tsarin faifan kwamfutar Amiga mai 880KB, wannan sai da Greaseweazle, na'urar da ke haɗa tsohuwar na'urar floppy da kwamfuta ta USB. Ku ajiye kwafin .IMG (fayil mai ɗauke da duk abin da ke cikin faifan) na kowace fitowa a rukunin, saboda ƙurar hunturu da zafin bazara suna saurin lalata tsohon faifai.