Shin Tsibirin Liliput Yana Nan da Gaske?

Ka tambaya ko tsibirin Liliput, inda tsawon mutane bai wuce inci shida ba, yana nan a duniya. Babu shi a zahiri. Jonathan Swift, marubuci ɗan Ailan, ne ya ƙirƙiro shi a littafinsa Gulliver's Travels na 1726, domin ya yi wa masu mulkin Ingila habaici.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne gabar da ke tsakanin Liliput da tsibirin Blefusku, wadda ta samo asali daga gardama kan ɓangaren da ya kamata a fasa ƙwai, mai kauri ko mai tsini. Da wannan Swift ke nuni da rikicin 'yan Katolika da 'yan Furotesta, Blefusku kuwa Faransa yake wakilta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da taƙaitaccen bugun yara, wanda yakan cire habaicin, alhali Liliput ma tafiya ta farko ce cikin tafiye-tafiye huɗu da Gulliver, jarumin littafin, ya yi. Idan jarrabawa ce a gabanka, ka nemi bugu mai sharhi, ka kuma tuntuɓi malamin adabin Turanci kan siyasar wancan zamani.